Idan An Riga An Rubuta, Me Ya Sa Muke Ɗaga Hannu?

Makonni kaɗan da suka wuce na je ta'aziyya a Tudun Wadan Kaduna, a wani layi da ba shi da nisa da Kasuwar Barci. Mamacin magidanci ne da bai cika shekara 40 ba, ya bar mata da 'ya'ya uku bayan ya shafe wata biyar yana jinyar ciwon ƙoda. An kafa rumfa a ƙofar gida an shimfiɗa tabarmi, duk wanda ya iso sai ya tsuguna ya nemi a yi wa mamaci addu'a, a ɗaga hannu, a shafa, sannan ya nemi gefe ya zauna. Ina zaune kusa da ƙanin mamacin, wani saurayi mai gyaran waya, kuma na lura cewa duk yawan addu'ar da aka yi tun zuwana, hannayensa suna kan gwiwoyinsa bai ɗaga su ba.

Da jama'a suka ragu bayan La'asar, sai ya juya wajen wani dattijo, aminin mahaifinsu, ya ce da murya ƙasa-ƙasa: "Baba, babu irin addu'ar da ba mu yi wa Yaya ba. An yi sauka, an yi sadaka, Umma ba ta barcin dare. Idan dama Allah Ya rubuta wannan ce ranarsa, to me addu'ar ta yi?"

Dattijon ya zaro ido ya ce: "Kul, ɗana! Yi istigfari, ba a irin wannan magana." Saurayin ya sunkuyar da kai, aka bar zancen a nan.

Abu biyu suka biyo ni har gida a ranar. Na farko ita tambayar, domin ba daga bakinsa na fara jin ta ba; na ji ta daga bakin ɗalibai, na ji ta a barandar asibiti, kuma ni kaina ta taɓa tsaya mini a rai na tsawon lokaci. Na biyu kuma tsawar da aka yi masa. Na san dattijon da kyakkyawar niyya ya yi, yana tsoron kada yaron ya furta abin da zai taɓa imaninsa alhali zuciyarsa tana a dagule. Amma tambayar tana da amsa, malamanmu sun amsa ta tun da daɗewa, kuma hana ta fitowa ba ya cire ta daga ƙirjin mai ita.

Ra'ayina shi ne, addu'a ba ta sauya wa Allah shawara, kuma tun asali ba don haka aka shar'anta ta ba. Ita kanta addu'ar tana cikin abin da aka rubuta. Wanda Ya ƙaddara samu Shi Ya ƙaddara hanyar samun, roƙo kuwa yana daga cikin manyan hanyoyin. Bayan haka kuma, ko an ba bawa abin da ya roƙa ko ba a ba shi ba, tsayuwar da ya yi gaban Ubangijinsa yana mai bayyana buƙata ibada ce cikakkiya da ba ta jiran sakamako kafin ta zama ibada. Bahaushe yana cewa ƙaddara ta riga fata, yana kuma cewa addu'a ba ta faɗuwa ƙasa banza, kuma ban ga wata gaba tsakanin maganganun biyu ba.

"Abin da aka rubuta sai ya faru, ko an roƙa ko ba a roƙa ba"

Rabin wannan magana gaskiya ne, kuma babu Musulmin da zai ja da shi. Duk wanda ya yi karatun zaure ya bi ta kan Risala ta Ibn Abi Zaid, inda tun a babin farko aka lissafa imani da ƙaddara, alherinta da sharrinta, zaƙinta da ɗacinta. Imam Muslim ya ruwaito cewa Allah Ya rubuta ƙaddarorin halittu shekara 50,000 kafin Ya halicci sammai da ƙasa. A hadisi na 19 cikin Arba'una, wanda yaranmu suke haddacewa a Islamiyya, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gaya wa Ibn Abbas cewa an ɗauke alƙaluma, takardu sun bushe.

Inda kuskuren yake shi ne a ƙarshen maganar, wato "ko an roƙa ko ba a roƙa ba". Mai faɗin haka yana ɗauka cewa an rubuta sakamako shi kaɗai, an bar hanyar da za ta kai gare shi a waje. Abin mamaki kuwa, ba ma yin wannan lissafi a kan komai sai a kan addu'a. Ban taɓa ganin manomi a Igabi ko Giwa ya ajiye fartanya da saukar damina yana cewa idan an rubuta masa buhu ashirin na masara zai same su ko ya shuka ko bai shuka ba. Ban taɓa ganin wanda ya ƙi kai loma baki domin ƙoshinsa a rubuce yake ba. Shi ma saurayin nan na Tudun Wada, da shi da danginsa sun sayar da abin da suka mallaka sun kai ɗan'uwansu wankin ƙoda mako bayan mako, kuma bai tambayi amfanin magani ba, alhali hujjar da ya kafa a kan addu'a ta hau kan maganin daidai wa daida.

Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a shekara ta 751 bayan Hijira, ya kawo wannan tambaya kusan da lafazinta a farkon littafinsa Al-Jawabul Kafi, ya amsa da cewa abin da aka ƙaddara an ƙaddara shi ne tare da sabubbansa, kamar yadda aka ƙaddara ƙoshi da cin abinci, aka ƙaddara amfanin gona da shuka. Kafinsa Imam Gazali ya kwatanta addu'a da garkuwa: yarda da ƙaddara ba ta hana mayaƙi ɗaukar garkuwa, domin garkuwar ma sababi ce ta kare kibiya.

Wanda ya fi kowa taƙaita maganar shi ne Sayyidina Umar. Ya kama hanyar Sham, da ya isa wani wuri da ake kira Sarg sai aka tarye shi da labarin cewa annoba ta ɓarke a can. Ya yi shawara da Sahabbai, ya yanke a koma Madina. Abu Ubaida ya ce masa: "Gudu daga ƙaddarar Allah?" Umar ya ce: "Na'am, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah." Sannan ya buga masa misali da mai raƙuma da ya sauka a kwari mai gefe biyu, ɗaya mai ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe, duk gefen da ya kai su kiwo, da ƙaddarar Allah ya kai su. Labarin yana cikin Muwaɗɗa ta Imam Malik da Sahihul Buhari. Mai addu'a shi ne wanda ya kora raƙumansa gefen ciyawa, kuma bai fita daga ƙaddara da taki ɗaya ba.

To hadisin da ya ce addu'a tana mayar da hukunci fa?

Wani zai ce mini: kai ka ce nufin Allah ba ya sauyawa, ga shi kuwa Tirmizi ya ruwaito daga Salmanul Farisi cewa babu abin da yake mayar da hukunci sai addu'a. Ga kuma hadisin Anas a Buhari da Muslim cewa wanda yake son a yalwata masa arziki a jinkirta masa ajali ya sada zumunci. Ashe ke nan ana sauyawa.

Malamai sun bambance tsakanin abu biyu a nan, suna dogara da aya ta 39 a Suratur Ra'ad, inda Allah Ya ce Yana shafe abin da Ya so Yana tabbatarwa, kuma asalin littafi yana wurinSa. Akwai abin da yake hannun mala'iku, wanda zai iya zama ratayayye a kan sharaɗi: idan wane ya roƙa a ɗauke masa wannan bala'i, idan bai roƙa ba ya same shi. Akwai kuma abin da yake cikin sanin Allah, wanda babu "idan" a cikinsa, domin Ya riga Ya san ko wanen zai roƙa ko ba zai roƙa ba. Sauyin yana faruwa ne ta ɓangarenmu, mu da ba mu san gobe ba. Bala'in da aka kawar saboda addu'a an kawar da shi da gaske, kuma addu'ar ce ta kawar da shi da gaske, amma babu wani sabon labari da ya isa ga Allah a daren da bawa ya tashi ya roƙa.

Duk shekara a goman ƙarshe na Ramadan, masallatan Kaduna suna cika da masu tahajjud har kan titi, liman ya kai wurin "wa ƙina sharra ma ƙadaita" jama'a su amsa da amin, wasu suna kuka. Ma'anar jimlar ita ce: Ka kare mu daga sharrin abin da Ka hukunta. Manzon Allah (SAW) ne ya koya wa jikansa Hasan wannan addu'a. Mun daɗe muna roƙon Mai hukunci Ya kare mu daga hukuncinSa, kuma zukatanmu ba su taɓa jin wani karo a cikin haka ba sai idan mun zauna muna lissafi.

Nakan tuna da masu lambu a bakin Kogin Kaduna da rani. Kogi ba ya karkata saboda wani, amma wanda ya ja ruwa zuwa fangalinsa alayyahunsa yana kore, na kusa da shi da ya zauna nasa yana bushewa. Sai dai misalin ya gaza ta wani gefe mai muhimmanci, kuma dole in faɗa: kogi bai san manomi ba, ba ya jin kiransa, ba ya nufinsa da komai. Allah kuwa Yana ji, Yana nufi, kuma Shi ne Ya ba manomin ƙarfin da ya ja ruwan. Wannan ya sa aka ruwaito daga Sayyidina Umar cewa shi ba amsawar ce take damunsa ba, roƙon ne yake damunsa, domin idan aka kimsa masa roƙo to amsa tana tare da shi. Daren da ka farka ba tare da wani ya tashe ka ba, ka ji zuciyarka tana son ka yi alwala ka roƙa, wannan farkawar ma kyauta ce da aka rubuta maka.

"Ai Ya san halin da nake ciki"

Wannan uzuri ya fi fitowa daga bakin masu ibada, kuma yana da kamannin ladabi. Sukan ce tunda Allah Ya san buƙata, faɗa maSa kamar tunatarwa ce, Shi kuwa ba Ya mantuwa.

Ranar Badar ta isa amsa. A ranar 17 ga Ramadan, shekara ta 2 bayan Hijira, Musulmi ɗari uku da 'yan kai suka fuskanci rundunar da ta kai kimanin dubu. An riga an yi wa Manzon Allah (SAW) alƙawarin nasara, har ya nuna wa Sahabbai wuraren da manyan Ƙuraishawa za su faɗi. Duk da haka ya fuskanci alƙibla ya miƙa hannayensa yana kiran Ubangijinsa, yana cewa idan aka halaka wannan 'yar jama'a ba za a bauta wa Allah a bayan ƙasa ba, bai gushe ba har mayafinsa ya zame daga kafaɗunsa. Sayyidina Abubakar ne ya ɗauki mayafin ya mayar masa, ya ce ya isa haka, Ubangijinka zai cika maka alƙawarinSa. Wanda ya fi kowa sanin cewa alƙawarin Allah ba ya tashi shi ne ya fi kowa naci a roƙo.

Idan da manufar addu'a sanar da Allah ce, da wannan tsayuwa ba ta da ma'ana. Manufarta bawa ya tsaya a matsayinsa na bawa. Shi ya sa hadisin Nu'umanu ɗan Bashir ya ce addu'a ita ce ibada, shi ya sa kuma aya ta 60 a Suratu Gafir, bayan ta ce "ku roƙe Ni in amsa muku", nan take ta ambaci masu girman kai ga barin bautarSa. A ƙarshen Suratul Furƙan an umarci Annabi ya gaya mana cewa Ubangiji ba zai kula da mu ba in ba don addu'armu ba. Mutum yana iya sallah da azumi ya riƙa jin cewa shi ya yi wani abu, amma yana da wuya ya miƙa tafin hannu wayam yana kuka sannan ya ji shi wani ne.

Wani abokin aikina Kirista da ke zaune a Sabon Tasha ya taɓa gaya mini cewa su ma suna fama da wannan tambaya a majami'a, kuma a addu'ar da suke koya wa 'ya'yansu tun suna ƙanana, roƙon a aikata nufin Allah yana zuwa kafin roƙon abincin yini. Aƙidarmu da tasu ta bambanta a manyan wurare, amma na ga cewa duk wanda ya yarda da Ubangiji Masani Mai iko sai ya iso wannan mararraba.

"Mun roƙa, kuma ya mutu"

Nan ne maganar take da nauyi, kuma ba na son in wuce ta da sauri, domin duk abin da na faɗa a sama yana da sauƙin karɓa ga wanda bai binne nasa ba.

Akwai hadisin Abu Sa'idul Khudri a Musnadin Imam Ahmad da ya ce duk Musulmin da ya yi addu'ar da babu saɓo ko yanke zumunci a cikinta, Allah zai ba shi ɗayan uku: ko a gaggauta masa abin da ya roƙa, ko a ajiye masa shi a lahira, ko a kawar masa da wani sharri kwatankwacinsa. Sahabbai suka ce to lallai za mu yawaita, Annabi ya ce abin da ke wurin Allah ya fi yawa. A cikin ukun nan ɗaya kaɗai ido yake gani. Wanda aka kawar wa hatsari a hanyar Zariya ba zai taɓa sanin an kawar masa ba, zai isa gida ne kawai ya ci tuwo ya kwanta. Ibn Aɗa'illah ya faɗa a Hikam cewa Allah Ya lamunce maka amsa a cikin abin da Ya zaɓa maka, a lokacin da Ya so, ba a cikin abin da ka zaɓa wa kanka a lokacin da ka so ba.

Shekarun baya mahaifinmu ya kwanta jinyar da bai tashi ba, a wani asibiti a nan cikin gari. Ni nake kwana da shi, mahaifiyarmu kuma ta ƙi komawa gida, takan shimfiɗa dardumarta a ɗan tsakanin gado da bango. Makonnin farko abin da nake ji a sujadarta ɗaya ne: Allah Ka tashi kafaɗunsa, Allah Ka ba shi lafiya. Da jiki ya yi nisa, wani dare na farka na ji kalmominta sun sauya. Tana cewa: "Ya Allah, bawanKa ne, Ka fi mu son sa. Idan mai tashi ne Ka tashe shi, idan ba mai tashi ba ne Ka sauƙaƙa masa, Ka sa ya cika da kalmar shahada."

Raina ya ɓaci, na ɗauka ta fid da rai. Da gari ya waye na ce mata: "Hajiya, yaya kike irin wannan addu'a alhali yana numfashi?" Ta dube ni ta ce: "Wata biyu ina gaya maSa abin da nake so. Yanzu ina roƙon Ya sa in so abin da Yake so." Hajiya ba ta yi zurfin karatu ba, amma daga baya na tarar da kusan lafazinta a hadisin Anas, inda Annabi ya hana fatan mutuwa, ya koyar da a ce: Ya Allah Ka raya ni matuƙar rayuwa ta fi mini alheri, Ka ɗauki raina idan mutuwa ta fi mini alheri. Haka ma addu'ar istihara take ƙarewa da roƙon a ƙaddara wa bawa alheri duk inda yake, sannan a sa ya yarda da shi.

Bayan kwana huɗu mahaifinmu ya rasu. Mu maza muka rikice, ita ce ta rufe masa ido, ita ce ta riƙa ba mu baki. Ban ce wannan ne kaɗai abin da addu'arta ta haifar ba, domin ban ga abin da aka ajiye mata ba, ban kuma ga abin da aka sauƙaƙa masa ba. Amma abin da na gani da idona shi ne cewa matar da ta shiga asibitin nan ba za ta iya ɗaukar abin da ta ɗauka ba, darare sittin na sujada ne suka shirya ta.

Duk da haka ba zan yi da'awar cewa wannan ya warware komai ba. Me ya sa wannan jariri ya rayu wancan ya mutu, alhali uwayensu biyu sun roƙa da hawaye iri ɗaya? Imam Ɗahawi ya ce asalin ƙaddara sirrin Allah ne a cikin halittarSa, kuma a nan hankali yake tsayawa. Abin da aka ba mu shi ne tabbacin cewa roƙon bai ɓace ba.

Ɗaya gefen kuskuren: "sai dai addu'a"

Akwai wasu mutane da ba su taɓa shakkar amfanin addu'a ba, amma sun faɗa cikin kuskure ɗaya da masu shakkar, wato raba addu'a da sauran sabubba. Waɗancan sun riƙe magani sun saki roƙo, waɗannan sun riƙe roƙo sun saki aiki. A garinmu na biyun sun fi yawa, kuma ɓarnarsu ta fi shafar jama'a.

Muna zuba shara a magudanar ruwa tun daga rani, damina ta sauka ruwa ya shiga ɗakuna, sai mu ce ƙaddara ce, Allah Ya kiyaye gaba. Direba ya yi lodin da ya wuce ƙima a tashar Kawo da tayoyin da suka suɗe, fasinja ya yi magana a ce masa ya yi addu'a kawai, ajali ba ya wuce lokacinsa. Wanda aka damƙa wa amanar jama'a kuma, idan aka tambaye shi tsaro ko asibiti ko makaranta, sai ya ce a dage da addu'a, kamar dai kujerar da yake kai ba ita ce sababin da Allah Ya ɗora a hannunsa ba.

Mutanen Kaduna ba sa buƙatar a koya musu addu'a a kan tsaro. Lokacin da aka kai wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna hari ranar 28 ga Maris 2022, sai a watan Oktoba aka sako na ƙarshen waɗanda aka kama, kuma a tsawon watannin nan iyalansu ba su bar roƙon Allah ba, ba su kuma bar ƙwanƙwasa ƙofar hukuma da yi wa duniya magana ba. Haka aka yi da aka kwashe 'yan makaranta a Kuriga, cikin ƙaramar hukumar Chikun, ranar 7 ga Maris 2024. Waɗannan iyalai sun fahimci addini daidai. Mutumin da ya tambayi Annabi ko ya ɗaure taguwarsa ko ya sake ta ya yi tawakkali, amsar da ya samu ita ce ya ɗaure ta kuma ya yi tawakkali. A Badar ɗin da na ambata, hannayen da aka ɗaga sama an ɗaga su ne bayan an zaɓi wurin sauka, an tsare ruwa, an jera sahu.

Akwai ma gargaɗi mai tsanani a hadisin Huzaifa da Tirmizi ya ruwaito: ko dai ku yi umarni da kyakkyawa ku hana mummuna, ko Allah Ya aiko muku da uƙuba, sannan ku roƙe Shi ba za a amsa muku ba. Al'ummar da ta ga zalunci ta yi shiru, sannan ta taru a fili tana roƙon sauƙi, ya kamata ta karanta wannan hadisi da tsoro.

A nan ne kuma masu sayar da addu'a suke cin kasuwa, masu cewa tasu kamar yankan wuƙa take, a kawo kaza a karanta kaza ƙafa kaza, buƙata ta biya cikin kwana uku. Wanda ya yi maka alƙawarin rana da sa'a yana gaya maka ne cewa ya san hanyar tilasta wa Allah, kuma wannan ya fi tambayar saurayin Tudun Wada haɗari nesa ba kusa ba.

Tambayar da aka yi a maƙabarta

Ga masu cewa bai kamata a yi irin wannan tambaya ba sam, ina tunatar da su cewa an yi ta a gaban Manzon Allah (SAW), kuma a wurin jana'iza aka yi ta. Sayyidina Aliyu ya ba da labari cewa suna maƙabartar Baƙi'a, Annabi yana zaune yana tona ƙasa da wata 'yar sanda, ya ce babu wani rai face an rubuta mazauninsa a Aljanna ko a wuta. Sai aka ce: ya Manzon Allah, ba ma dogara da abin da aka rubuta mana mu bar aiki ba? Bai yi tsawa ba. Ya ce ku yi aiki, kowa ana sauƙaƙe masa abin da aka halicce shi dominsa, sannan ya karanta ayoyin Suratul Laili. Abin da aka hana shi ne jayayya da gardama a kan ƙaddara, wanda ya tambaya don zuciyarsa ta natsu kuwa haƙƙinsa ne a amsa masa. Yaran yanzu idan muka kore su da "kul", waya tana aljihunsu, kuma ba mu san wanda zai amsa musu a can ba.

Bayan an tashi daga zaman makoki na je na sami saurayin a shagonsa. Yana zaune gaban tebur cike da buɗaɗɗun wayoyi, ya ture su gefe ya ba ni benci. Na fara kawo masa maganar Umar da Abu Ubaida, ya saurara cikin ladabi, amma na ga ba nan ciwon yake ba. Can sai ya ce: "Malam, ni ba ƙaddara nake ja da ita ba. Wani ne ya ce mini a asibiti, addu'ar da ba a karɓa ba a duba cikin mai yin ta. Tun ranar nake ganin kamar zunubaina ne suka tare addu'ar, da wani ne ya roƙa da Yaya ya tashi."

Gaskiya ne cin haram yana hana karɓar addu'a, hadisi na 10 cikin Arba'una ya faɗa. Amma wannan madubi ne da aka ba kowa ya duba kansa, ba a ba wani ya haska wa mai jinya a fuska ba. Na gaya masa cewa Annabi Nuhu ya yi wa Ubangijinsa magana a kan ɗansa da ruwa ya ci, ba a ba shi ba. Na gaya masa hadisin Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas a Sahihu Muslim, inda Manzon Allah (SAW) ya ce ya roƙi Ubangijinsa abu uku, aka ba shi biyu aka hana shi ɗaya. Na tuna masa cewa Ibrahim, ɗan Manzon Allah (SAW), a hannun mahaifinsa ya cika, idanunsa suna zubar da hawaye, yana cewa ido yana kuka, zuciya tana baƙin ciki, ba kuma za mu faɗi sai abin da Ubangijinmu Ya yarda da shi ba.

Ya daɗe bai ce komai ba, yana juya wani ɗan ƙaramin sukurudireba a hannunsa. Sannan ya tambaye ni ko addu'ar da zai yi wa Yayansa yanzu tana isa gare shi a kabari. Na ce masa tana isa, kuma a kan wannan malaman Sunna ba su yi saɓani ba. Ana cikin haka aka kira Magariba, ya jawo ƙofar shagon, muka nufi masallaci tare.